Wanda ya gama biyan bashi, a ja layi a kan sunansa

Duk mai shago ko mai rumfa a kasuwannin Kurni da Matamaye da Kance ya san littafin bashi. Wanda bai iya rubutu ba ma yana da nasa, ko a ka, ko a jikin bango da gawayi. Ƙa'idar wannan littafi kuwa guda ɗaya ce tak: ranar da mutum ya kawo cikon kuɗi, a gabansa ake jan layi a kan sunansa. Mai shagon da ya karɓi kuɗinsa cif, sannan ya bar sunan a littafi yana nuna wa masu wucewa, kowa a kasuwa ya san sunan da ake kiransa da shi. To, hukuma ma tana da nata littafin, kuma a kansa muke son mu yi magana yau, domin mutane da yawa a cikinmu sun gama biya tuntuni, amma har yanzu ba a ja musu layi ba.

Wannan littafi shi ne wanda ake ce wa kaziye, wato kundin da ake rubuta duk hukuncin da kotu ta yanke wa mutum kan laifi. Ba a gidan kaso ake ajiye shi ba, ba kuma wurin jandarmomi ba. Yana ofishin magatakardan kotun da ke kula da yankin da aka haifi mutum. Ma'ana, ɗan Kurni da aka yanke wa hukunci a Agadas ko a Yamai, labarin zai biyo shi har kotun gida, ko da kuwa shi bai faɗa wa kowa ba. Daga wannan kundi ake fitar da takarda iri uku. Ta farko ta alƙalai ce, ita ce mai ɗauke da komai. Ta biyu wasu ma'aikatun gwamnati ake bai wa. Ta uku ita ce mafi taƙaitawa, kuma mai sunan kaɗai ake miƙa wa a hannu. Ita ce wadda ake cewa a kawo idan ana haɗa takardu, yawanci kuma a ce kada ta wuce wata 3 da fitarwa. In babu komai a kan mutum, sai a rubuta kalmar Faransanci "neyan", wato babu.

Wani zai ce, ni da ke auna gero da wake, ko mai tuyar ƙuli-ƙuli, ina ruwana da wannan takarda? Da ruwanka, Alhaji. Da ruwanki, Hajiya. Ƙasarmu tana cikin ƙasashe 17 da ke bin dokokin kasuwanci na OHADA. Dokar kasuwanci ta bai-ɗaya da aka sabunta a birnin Lome ranar 15 ga Disamba 2010 ta ce duk mai son a sa shi a rijistar kasuwanci zai sa hannu a takardar da ke shaida cewa babu wani hani a kansa, sannan cikin kwana 75 ya kawo kaziye. Wannan dokar ta kuma hana kasuwanci ga wanda aka yanke wa hukuncin ƙarshe na ɗauri kan babban laifi, ko ɗaurin wata 3 zuwa sama na zaman kaso kan laifin da ya shafi dukiyar mutane ko harkar kuɗi. Ku lura da kyau, wata 3 kawai. Ba tare da rijista ba kuwa, ɗan kasuwa zai daɗe yana ƙaramin ciniki, amma kwangilar kai abinci makaranta ko asibiti, ko babban lamuni a banki, sai dai ya gani a hannun wasu. Haka ɗanki da ya gama karatu yake son shiga konkur na aikin gwamnati, haka mai son tsayawa takara: duk sai an nemi wannan takarda.

Mu mutanen gundumar Kance, akwai dalili na musamman da ya sa wannan magana ta shafe mu. Babu wanda ya manta watan Oktoba na 2013, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, yara 52, mata 33, maza 7, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Akasarinsu daga wannan yanki namu suka tashi, neman abin kai wa baki ya fitar da su. Allah ya jiƙansu. Bayan haka, ranar 26 ga Mayu 2015, aka kafa doka mai lamba 2015-36 wadda ta haramta safarar baƙin haure, da ɗaurin shekara 5 zuwa 10 da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5, hukuncin da ke iya ƙaruwa sosai idan laifin ya yi muni. Daga 2016 aka fara aiki da ita gadan-gadan, da goyon bayan Tarayyar Turai. Aka kama direbobi da masu masauki da masu haɗa fasinja, aka ƙwace motoci, musamman a jihar Agadas. Sana'ar da jiya ake yin ta a tasha da rana tsaka, sai ga shi ta koma laifin da ke kai mutum kaso.

Ranar 25 ga Nuwamba 2023, shugaban majalisar soja ta CNSP, Janar Abdurahamane Tiani, ya sa hannu a dokar da ta soke ta 2015. Kowa ya ji labarin sokewar a rediyo. Abin da ba kowa ya riƙe ba shi ne sauran abin da takardar ta ƙunsa: ta ce hukunce-hukuncen da aka yanke da waccan doka, tare da duk abin da suka haifar, an shafe su tun daga ranar 26 ga Mayu 2015. Wato a idon doka, direban da aka ɗaure da ita tamkar ba a taɓa yanke masa hukunci ba ne. Takardar ta ƙara da cewa ba za a karɓi wani ƙorafi ko neman diyya a kan haka ba. Ke nan shekarun da mutum ya yi a kaso sun tafi, ba mai biyansa. Abin da ya rage masa a hannu shi ne sunansa, saboda haka bai kamata shi ma wannan ya kuɓuce masa ba.

A nan gizo ke saƙar. Sa hannu a Yamai abu ɗaya ne, jan layi a kundin kotun garinku wani abu ne daban. Kundi ba ya goge kansa. Sai wani ma'aikaci ya buɗe, ya nemo takardar mutum, ya cire ta ko ya rubuta a kanta cewa an shafe. Idan hukuncin an yanke shi a wata jiha, aka aiko da labarinsa gida shekaru da suka wuce, wa zai tuna ya sake aiko da labarin shafewa? Shawarar da muke bai wa duk wanda waccan doka ta taɓa, ko danginsa, ita ce kada a zauna ana zato. A tafi kotu da takardar haihuwa ko katin ɗan ƙasa, a biya kuɗin tambur, a karɓi takarda ta uku, a sa wanda ya iya karatu ya duba. In an ga "neyan", alhamdu lillahi. In kuwa tsohon hukunci yana nan daram, sai a rubuta wa mai shigar da ƙara na gwamnati a nemi gyara, a ambaci dokar 25 ga Nuwamba 2023. Gara a gano matsalar yau da ake da lokaci, da a gano ta ranar da ake rufe karɓar takardu.

Akwai wani ruɗani da ke yawo a bakin jama'a wanda ya kamata mu warware. A Hausa kalmar afuwa muke amfani da ita ga abu biyu da doka ta bambanta. Akwai sassaucin shugaban ƙasa, irin wanda ake yi lokacin bukukuwa, inda ake rage wa fursuna kwanaki ko a sake shi. Wannan yana buɗe ƙofar kaso ne kurum, hukuncin yana nan a kundi. Akwai kuma afuwa ta doka, wadda ke shafe laifin kansa. Mai shakkar wannan bambanci ya dubi abin da ya faru da marigayi Hama Amadou, tsohon firaminista kuma tsohon shugaban majalisar dokoki. A 2017 aka yanke masa ɗaurin shekara 1 a shari'ar nan ta jarirai, shari'ar da har kullum yake cewa ta siyasa ce. A watan Maris na 2020, saboda annobar korona, shugaba Mahamadou Issoufou ya yi wa fursunoni 1,540 sassauci, shi ma yana ciki, ya fito. Amma a watan Nuwamba na wannan shekarar kotun tsarin mulki ta ƙi amincewa da takararsa ta shugaban ƙasa, saboda hukuncin yana kansa. Ba muna magana a kan gaskiyarsa ko rashinta ba ne. Abin da muke nunawa shi ne, in kaziye ya iya tare hanyar mutum mai jam'iyya da lauyoyi, ina ga mai kai rake kasuwa a amalanke?

Kuma tarihin ƙasarmu ya nuna cewa idan ana son jan layi, ba a rasa alƙalami. Tsarin mulkin 1999 ya yi afuwa ga waɗanda suka yi juyin mulkin 27 ga Janairu 1996 da na 9 ga Afrilu 1999, wanda a cikinsa aka kashe shugaba Ibrahim Baré Maïnassara. Tsarin mulkin 2010 ya yi afuwa ga waɗanda suka yi na 18 ga Fabrairu 2010. Da sashe ɗaya na doka aka rufe waɗannan manyan al'amura, aka ce don zaman lafiyar ƙasa. To, mu tambayarmu mai sauƙi ce. Idan ƙasa tana iya mantawa da abin da ya girgiza ta baki ɗaya, me zai hana ta sauƙaƙa wa saurayin da ya ɗauki akuya yana da shekara 19, ya yi watanninsa a kaso, ya fito, yau yana da shekara 40 da mata da ƴaƴa, bai sake taka ko sawun ɓarawo ba?

Gaskiyar magana, hanyar tana nan a doka, sanin ta ne ya yi ƙaranci. Kundin shari'ar laifuka na 14 ga Agusta 1961, wanda ya ɗauko tsarinsa daga na Faransa, ya tanadi abin da ma'aikatan kotu ke kira reyabilitasiyon, mu kuwa sai mu ce wanke suna. Ƙofa biyu gare shi. Ta farko, idan wasu shekaru suka wuce bayan mutum ya gama hukuncinsa bai sake yin laifi ba, doka da kanta tana wanke shi. Gwargwadon nauyin hukunci, gwargwadon tsawon jira. Ta biyu, mutum ya nema da kansa kafin wancan lokaci ya cika. A tsarin Faransa, mai matsakaicin laifi yana jiran shekara 3, mai babban laifi shekara 5, kafin ya shigar da buƙata. Magatakardan kotu shi zai faɗa wa kowa wa'adin da ya hau kan irin nasa hukuncin. Ana rubuta takarda ga mai shigar da ƙara na gwamnati na inda mutum yake zaune, a faɗi ranar hukunci da garuruwan da aka zauna tun bayan fitowa. Ana nuna shaidar an biya tara da kuɗin shari'a da diyyar wanda aka cuta. Ana binciken halin mutum a inda yake zaune, sannan kotun ɗaukaka ƙara ta yanke. Ga mutanen jiharmu, ita ce ta Damagaram.

Ku dubi wannan sharaɗi na biyan diyya, domin ya yi daidai da abin da muka gada. Ba a wanke mutum alhali haƙƙin wani yana wuyansa. Shi ya sa muke jan kunnen duk wanda ya taɓa biyan tara ko diyya: ka adana rasit kamar yadda kake adana takardar gona. Hajiya, in ɗanki ne, ki sa takardun cikin leda, ki ajiye a ƙasan adaka. Ranar da za a neme su, rantsuwa ba za ta maye gurbinsu ba. Wanda kuma ba ya da halin ɗaukar lauya, ya sani cewa tun 2011 aka kafa hukumar ANAJJ domin bai wa marasa ƙarfi taimako a harkar shari'a, ya tambayi ofishinta a babbar kotu.

Akwai kuma waɗanda nasu zaluncin ya fi ciwo, su ne waɗanda aka zarga, aka kama, aka tsare watanni ana jiran shari'a, daga ƙarshe alƙali ya ce babu hujja, ya sallame su. Irin waɗannan babu abin da ake rubutawa a kundinsu, domin zargi ba hukunci ba ne. A takarda fes suke. Amma a ce dillalin dabbobi ne aka gan shi a bayan motar jandarmomi ranar kasuwa. Duk garin ya gani, har da waɗanda suka zo cin kasuwa daga Ɗan Barto da Daura. Ranar da aka sallame shi kuwa, shi kaɗai ya dawo a kan babur bayan magariba, ba mai shela. Irin wannan mutum ya nemi kwafin hukuncin da ya wanke shi kafin ya bar harabar kotu, ya kai wa mai gari da sarkin kasuwa su gani da idonsu.

Wannan ya kawo mu kan littafi na biyu, wanda ba ya hannun alƙali, yana hannunmu. Shi ne littafin bakin jama'a, kuma ya fi na kotu tsanani, domin shi ba ya da wa'adi. Mutum ya fito kaso shekara 10 da suka wuce, amma har yau in ya zo neman kaya bashi sai a ce a bari sai wani mako. Matarsa ta nemi shiga adashe, uwar adashe ta ce an cika. Ƴarsa ta samu manemi, sai wata tsohuwa ta raɗa wa dangin yaro cewa uban ai tsohon ɗan kaso ne. Mu da kanmu muke yanke wa mutum ɗaurin rai da rai a kan abin da alƙali ya ce wata 6 ne. Sannan idan duk ƙofofin halal suka rufe masa, ya koma ga abokan da ya samu a kaso ko ya kama hanyar hamada, sai mu tafa hannu mu ce ai dama mun faɗa, mai hali ba ya fasa halinsa. Anya ba mu ne muka tura shi ba?

Mun san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce jarin ɗan kasuwa amana ce, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Za su ce, waɗanda suka loda mata da yara suka bar su a hamada, su ma a ja musu layi ke nan? Amsarmu ita ce, wanke suna ba kyauta ba ce da ake rabawa a bakin titi. Sai an gama hukunci, sai an biya wanda aka cuta, sai shekaru sun shaida cewa mutum ya canja. Wanda ya fito jiya ba mu ce a damƙa masa makullin sito yau ba. Game da masu cinikin ƴan Adam kuwa, dokar da aka soke a 2023 ta safarar baƙin haure ce. Dokar fataucin mutane ta watan Disamba 2010 daban take, sokewar ba ta ambace ta ba. Abin da muke ƙi shi ne a haɗa mugu da wanda ya tuba a tukunya ɗaya har abada. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin yadda ake gwada mutum: ka ba shi kayan jika 5, in ya dawo da kuɗi ka ƙara masa zuwa na jika 20. Haka ake gina amana da baƙon da ba a san asalinsa ba ma, balle ɗan gari da aka san uwarsa da ubansa.

Saboda haka muna da kira guda huɗu. Na farko ga ma'aikatar shari'a: ta umarci kotuna su bi kundi da kansu su cire duk hukuncin da dokar 2023 ta shafe, da duk wanda wa'adinsa ya cika, ba sai talaka ya yi ta jeka-ka-dawo ba. Wanda ya san yadda ake aika labarin hukunci daga Agadas zuwa Matamaye, ya san yadda ake aika labarin shafe shi. Na biyu ga alƙalai da magatakarda: a fassara wa mutane wannan haƙƙi da Hausa, a faɗa wa fursuna ranar da ake sallamarsa shekara nawa zai jira da takardun da zai adana, a kuma liƙa kuɗin kowace takarda a bango don kada ƴan tsakiya su tsotse jama'a. Ƙofar gidajen rediyo a buɗe take ga duk ma'aikacin shari'ar da zai zo ya yi bayani, masu saurare su bugo su yi tambaya.

Na uku ga sarakuna da masu gari da limamai: idan an zo binciken halin mutum, ku faɗi gaskiya, mai kyau ko marar kyau, kada tsohuwar gaba ta gida ta shiga ciki, domin kalmarku tana iya buɗe wa mutum ƙofa ko ta rufe ta shekaru. Na huɗu gare mu, ƴan kasuwa maza da mata, da shugabannin ƙungiyoyinmu da iyayen adashe: mu ma mu sa wa namu littafin wa'adi. Wanda ya kawo takardar da ke nuna kotu ta wanke shi, ko ya yi shekaru a tsakaninmu ba a kama shi da ko allura ba, a ba shi rumfa, a sa shi a adashe, a daina kiransa da sunan da ya riga ya biya kuɗinsa.

Mu da muke zaune a bakin iyaka mun san cewa abin da yake halal a doka bana yana iya zama haram baɗi, kamar yadda direbobin hanyar arewa suka gani tsakanin 2015 da 2023. Babu gidan da ke da tabbacin cewa ɗansa ba zai taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Adalcin da muka yi wa ɗan maƙwabci yau, shi za mu roƙa a yi wa namu gobe. Allah ya kare mu daga sharrin zargi, ya shirya mana zuriya, ya sa albarka a kasuwanninmu. Sai mun ji daga gare ku.